Kyamarar da na ƙera da hannuna, da milimitar da ta kusa kayar da ni

Lensin ne ya fara shigowa hannuna, tun kafin tunanin kyamara ya zo mini. Tsohon Super-Angulon ne na kamfanin Schneider da ke Jamus, mai milimita 65, iyakar buɗewarsa f/8 (lambar f ma'aunin ƙofar haske ce, in ta ƙaru ƙofar ta ƙara tsukewa), irin wanda ake ɗaura wa manyan kyamarorin nan masu wuya kamar zugazugi, waɗanda mai hoto ke lulluɓa da baƙin mayafi kafin ya ga abin da zai ɗauka. A cikin tarkacen kayan hoto na gwanjo na tsince shi, shi kaɗai, ba uwa ba uba. Ya fi shekara yana kwance a durowa. Nakan ɗauko shi jefi-jefi in ɗana shotarsa, in sa ta a daƙiƙa ɗaya, in danna, in saurari ɗan gurnanin nan nata har ta ce ƙas, sannan in mayar. Ran nan yayana ya same ni ina wannan aikin banza.

"Kai dai ko ka sa abin nan aiki, ko ka ba yara su yi wasa da shi," in ji shi.

"Yaya, ai jiki ne ba shi da shi."

"To jikin mene ne in ba akwati ba?"

Da gatse ya faɗa, amma maganar ta zauna mini. Lensin babbar kyamara da kayansa yake zuwa. Ƙofar haske mai 'yan ganyayyakin ƙarfe da ake tsukewa ko a buɗe tana jikinsa, shota mai auna lokaci daga daƙiƙa ɗaya har zuwa 1/500 ita ma tana jikinsa. Abin da ya rage wa mai ƙira shi ne akwati mai duhu da zai riƙe lensi a gaba, ya riƙe fim a baya, tazarar da ke tsakaninsu ta zama daidai, sai kuma hanyar jan fim daga wannan kwarkwaro zuwa wancan. Ba madubi, ba batir, ba waya ko ɗaya. Na ce wa kaina aikin mako biyu ne. Wata huɗu na kwashe ina fama da shi da daddare.

Fim ɗin da na nufa shi ne wanda ake kira 120, wanda Kodak ta fitar tun 1901 domin kyamararta Brownie No. 2, kuma har yau ana yin sa. Faɗinsa kusan santimita 6, tsawonsa ya ɗan haura santimita 80, an naɗe shi tare da takarda mai tare haske wadda aka buga wa lambobi a baya. Ba shi da 'yan hudojin nan na gefe irin na fim mai milimita 35, kuma tsawon kowane hoto kyamara ce ke yanke shi. In ka yanka taga 6x6 ka samu hoto 12 a naɗi ɗaya, 6x7 ta ba ka 10, 6x9 ta ba ka 8, 6x12 shida, 6x17 kuwa huɗu kacal. Raina ya so 6x17, lissafi ya hana. Kowane lensi da'irar haske yake jefawa a bayansa, kuma dole hoton ya shige cikin da'irar nan. Ta nawa, in an tsuke ƙofar haske, wajen milimita 155 ce, alhali daga kusurwa zuwa kusurwar 6x17 akwai 177. Ita kuwa 6x12, wadda ainihin awonta 56 ne da 112, daga kusurwa zuwa kusurwa 125 ne kawai. Sai na haƙura da shida. Ko a haka ɗin, lensin yana kwashe digiri 81 daga hagu zuwa dama, kwatankwacin abin da lensi mai milimita 21 ke gani a ƙaramin fim.

Ba ni na fara wannan tunani ba, ko kusa. Tun 1954 kamfanin Hasselblad na Suwidin ya ɗaura lensin Biogon na Zeiss mai milimita 38 a kan wani siririn jiki marar madubi, Linhof ma tana da Technorama mai ɗaukar dogayen hotuna irin waɗanda nake so. Kallo kawai nake yi musu daga nesa. Amma dalilin da ya sa suka cire madubi ya shafe ni. Kyamara mai madubi a ciki dole a ture lensinta gaba don madubin ya samu wurin tashi, abin da ya sa Pierre Angénieux na Faransa ya fito da dabarar Retrofocus a 1950. Dabara ce mai kyau. Sai dai lensin da aka bari ya zauna kusa da fim, gabansa da bayansa kusan kamannin juna, ya fi iya barin miƙaƙƙen layi a miƙe. Bangon gini ba ya yin tumbi a gefen hoto. A wannan fannin akwatin katako bai gaza kowa ba.

Ban taɓa katako ba sai da na yi ta kwali tukuna. Akwati biyu na haɗa, ɗaya na shiga cikin ɗaya, na ɗaure lensi a bakin na gaba, na manna takarda mai shara-shara a bayan na baya. Shotar nawa ba ta da ɗan hannun da ke buɗe ta don saiti, don haka na sa ta a B, inda take zama a buɗe muddin ana danne da ita, na danne ta da igiyar dannawa mai makulli. Na auna wata hasumiyar sadarwa da ta fi kilomita nisa, na yi ta zura kwali ina jawowa har ta fito a kife, kai a ƙasa. A nan na gane cewa 65 ɗin da ke rubuce a jikin lensi ba ita ce tazarar da ake bari tsakanin allon da aka ɗaure shi da fim ba. Daga wani wuri a cikin gilasan ake auna ta, ba daga gindin shota ba. Nawa awon ya fito wajen milimita 70. Da na amince da rubutun na yanka katako, da na yi asarar katako.

Akwai wani lissafi da ya kamata in rubuta a bango tun ranar. Lensi mai milimita 65 da ke kallon ƙurewar nesa, wato alamar nan mai kama da 8 a kwance, in kana so ka dawo da shi kan abin da ke mita 3, milimita ɗaya da rabi za ka tura shi gaba, ba ta ma cika ba. In mita 1 ne, huɗu da rabi. Duniya gaba ɗaya ke nan, daga farin wata har zuwa mutumin da za ka iya miƙa wa hannu, tana cikin tazarar da ba ta kai kaurin fensir ba. Kuskuren milimita ɗaya, wanda kafinta ba ya ko waiwaya, yana ɗauke saiti daga ƙurewar nesa ya dire shi a wajen mita huɗu.

Saboda haka ban yarda in ɗora wa katako wannan amanar ba, tun da yana kumbura yana motsewa da yanayi. Na yanko falle biyu na alminiyam, ɗaya na gaba mai riƙe lensi, ɗaya na baya mai tagar fim, na haɗa su da 'yan ginshiƙan tagulla huɗu masu tsawo ɗaya. Katako mai falle-falle, kaurin milimita 6, ya zama riga kawai mai tare haske. Don saitin nisa na sayi zoben nan mai tiredi biyu da ke tsawo yana gajarta in an murɗa, wanda masu sana'ar ke kira helikoyid, mai bakin milimita 65, yana tafiya daga 17 zuwa 31. Shi da lensin ne kawai abin da ban yi da hannuna ba. Tagar fim ta fi komai cin rai. Na jera hudoji a cikin layin da na zana da injin hudan yayana, na ɓalle tsakiyar, sannan na zauna da magagari dare uku ina ci a hankali har ta kai 56 da 112. Na bi bakin da samfefa mai laushi har ya daina kama zaren auduga in na goga, domin duk ƙaiƙayin da ya kama zare zai ja wa fim layi daga hoto na farko har na shida.

Hanyar fim ba ta ba ni wahalar da na zata ba. Na goge kan wani sukurun tagulla ya zama falange don ya shiga tsagar kan kwarkwaro, na sa masa abin murɗawa a waje. Sanduna biyu masu santsi a gefen taga don fim ya bi ta kansu, faranti ɗaya a jikin ƙofar baya mai 'yan sifirin huɗu don ya danne fim ya kwanta lumui, sai siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ke dafe da kowane naɗi. Wannan na ƙarshen kada kowa ya raina shi. In babu shi fim yakan naɗu sako-sako, kana buɗe kyamara haske ya lashi gefensa.

Ƙirga hotuna kuwa sai da na sadaukar da naɗi guda na tsohon fim, na warware shi a fili da rana. Takardar baya tana da layin lambobi uku: na 6x4.5, na 6x6 a tsakiya, da na 6x9. Babu na 6x12. Dabarar ita ce a bi layin tsakiya ana tsallake ɗaya, 1, 3, 5, 7, 9, 11. Amma in ka huda tagar leƙa lamba a tsakiyar ƙofa cif, gefen hoton farko zai kusa faɗawa kan tef ɗin da ya manne fim da takarda. Sai da na matsar da ita wajen santimita 3 zuwa ɓangaren kwarkwaron da ke karɓa. Na rufe hudar da jan roba mai gani, yadda na ga tsofaffin kyamarori suna da shi, ina jin na yi gwaninta.

Na shafe ciki da baƙin fenti marar ƙyalli, hannu uku. Daga nan na kunna tocila na jefa a ciki, na rufe, na shiga ɗaki mai duhu na zauna minti goma har ido ya saba. Kusurwa biyu na ƙofar baya suka fito da siririn zaren haske. Haske ba ya shan kwana, don haka maganinsa shi ne a tilasta masa kwana: na yi wa bakin ƙofar 'yar matakala mai shiga cikin 'yar'uwarta, na shimfiɗa baƙin karammiski a tsagar. Na sake gwadawa, duhu baƙi ƙirin.

Saura gilashin saiti. Na ciro gilashi mai kaurin milimita 2 daga tsohon firam ɗin hoto, na zuba masa garin silikon kabayid mai lamba 600 da 'yar ɗigon ruwa, na ɗora wani guntun gilashi ina murzawa a zagaye har fuska ɗaya ta yi hazo. Na ɗora shi a tagar fim, na lulluɓa da mayafi, na duba hasumiyar nan da gilashin ƙara girma. A f/8 hoton duhu ne da shi, gefe-gefe kuwa sai ka yi ta karkata kai kafin ka ga wani abu. Na samu inda ta fito tar, na yi wa zobe alama. Na ja tef ɗin awo na yi alamar mita 5, 3, 2 da 1. Na kwanta ranar ina jin kaina kamar injiniya.

Naɗin farko Ilford FP4 Plus ne mai saurin 125. Hoto biyar na ɗauka na gine-gine da fili a f/22, kyamara a kan ƙafa uku. Na shidan na tsayar da yayana a mita 3 daidai, da awo, na buɗe zuwa f/11. Na wanke da sinadarin wanke fim D-76 a digiri 20, na rataye, na tsaya ina kallon nagetif yana ɗiga. Wanda bai taɓa riƙe nagetif mai tsawon tafin hannu ba ba zai gane abin da na ji ba. Murnar ta kai har washegari, lokacin da na sa shi a sikana.

Kowane hoto yana da wani farin tabo a wuri ɗaya, wannan ban sha wahalar gano shi ba, daidai saitin jar tagar nan ne. Jan gilashi gadon zamanin da fim ba ya ganin launin ja ne. Fim na yanzu yana ganin sa sarai, takardar baya ce kaɗai ke tare hasken, ni kuwa na bar rana tana dukan ta minti-minti ina gyara ƙafa uku. Na yi mata ɗan marfin zamewa, magana ta ƙare. Hoton yayana ne ya hana ni barci. Fuskarsa dishi-dishi, maɓallan rigarsa kamar an shafa musu mai, amma wayoyin lantarki da ke can bayansa da nisa sun fito ras, har da tsuntsun da ke kai.

"Ashe tsuntsu ka je ɗauka," in ji shi. "Da ka faɗa mini ai da na kauce."

Mako guda ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Na zargi lensi, na ce ko ya taɓa faɗuwa. Na zargi sikana. Na kwance farantin danna fim na ƙara wa sifirin ƙarfi a banza. Sai wani dare na ɗauko gilashin saiti zan sake gwadawa, yatsana ya ji santsi a fuskar da nake kifawa a kan taga. Ashe a juye nake sa shi. Fuskar mai hazo ita ce ke kama hoto, ita ya kamata ta kalli lensi ta zauna daidai inda fim zai zauna. Ni na juya ta waje, ta koma baya da kaurin gilashin gaba ɗaya. Shi gilashin yakan tura saiti baya da kusan sulusin kaurinsa, don haka daga milimita 2 kuskuren da ya rage ya zama ɗaya da sulusi. Na koma kan lissafin nan na mita 3, sai ga shi sun kusa zama abu ɗaya. Wato alamar da na rubuta wa mita 3 ita ce ainihin ƙurewar nesa, wadda na kira ƙurewar nesa kuwa ta wuce duniya, ba abin da ke zaune a can. Sauran hotuna biyar ɗin f/22 ce ta rufa musu asiri, domin tsukakkiyar ƙofa tana yafe kuskure da yawa.

Na goge alamomin duka na sake daga farko, amma wannan karon ban yarda da idona shi kaɗai ba. Akwai wata dabara da masu gyaran kyamara ke yi. Na miƙar da silin gashi guda a kan tagar fim na manne shi, na sa fitila a bayansa, na buɗe shota. Na ɗauko wata kyamara mai dogon lensi, na sa ta a ƙurewar nesa, na kafa ta baki da baki da tawa ina leƙawa ta ciki. In lensina yana daidai ƙurewar nesa, hasken da ya taso daga gashin zai fito a miƙe kamar daga nesa ya zo, sai ɗaya kyamarar ta gan shi tar. Na murɗa zobe a hankali har silin ya fito kamar igiya, har da 'yan ɓawonsa. A nan na yi sabuwar alama. Da na mayar da gilashin saiti, fuska mai hazo a ciki, na duba gefe da gefe, sai na ga dama ta ɗan saɓa wa hagu. Ginshiƙaina huɗu ba su zama tsawo ɗaya ba kamar yadda na yi alfahari. Na yanko 'yan zobba daga jikin gwangwanin alminiyam, wanda kaurinsa kusan milimita 0.1 ne, na cusa bibbiyu a ƙarƙashin ginshiƙan dama. Suna nan har yau.

Akwai abin da ba na iya gyarawa da magagari. Kusurwoyin hoto sun fi tsakiya duhu da kusan mataki ɗaya da rabi (kowane mataki rabin haske yake ragewa), domin hasken da ke zuwa can a karkace yake sauka kuma ya fi yin doguwar tafiya. Ana yin wani gilashi na musamman mai duhu a tsakiya don ya daidaita wannan. Ban saya ba. Fim baƙi da fari yana da haƙuri, nakan ƙara masa haske kaɗan don kusurwoyi su samu rabonsu, kuma ni a ganina duhun gefen yana tattaro ido zuwa tsakiya. Wanda zai sa fim mai launi irin na haskawa a bango, wannan kam sai ya nemi gilashin.

Maleƙa kuwa, inda ake leƙa abin da za a ɗauka, da waya na yi ta. Na lanƙwasa firam mai awon nagetif ɗin, 56 da 112, na kafa ɗan ƙarfe mai huda a bayansa da tazarar milimita 65. A lissafi abin da ido ya gani ta nan shi ne abin da fim zai gani. A aikace ido ba ya iya haɗiye digiri 81 a kallo ɗaya, sai ka yi ta juya shi lungu-lungu. Na kuma manna ɗan ma'aunin daidaito mai kumfa a saman akwatin, domin lensi mai faɗin gani in ka ɗaga masa kai kaɗan sai gine-gine su fara jinginuwa da baya.

Naɗi na biyu na ƙarar da shi a kan tef ɗin awo da aka shimfiɗa a ƙasa, don in tabbatar da alamomi. A na uku na sake tsayar da yayana a wurin nan, mita 3, f/11. Wannan karon zaren da aka ɗinke maɓallan ya fito, furfurar gefen kunnensa ana iya ƙirga ta, wayoyin lantarki sun koma baya sun yi laushi yadda ya kamata. Ya daɗe yana kallon hoton a allon kwamfuta bai ce komai ba. Can sai ya kai yatsa kusurwar ƙasa ta hagu.

"Wannan macijin fa?"

Igiyar dannawa ce. Ta sauko ta gaban lensi tana lilo, maleƙar waya kuwa ba ta nuna abin da ke kusa haka. Na duba sauran biyar ɗin, tana cikin kowanne. Yanzu da roba nake ɗaure ta a jikin abin murɗa fim kafin in ɗana shota.